Gidan da Ba a Tambaya

In ka je sayen faifai a Haɗeja ka ci karo da wanda bakinsa ya ɗan karkace, saƙarsa ta matse a gefe guda ta saki a ɗaya gefen, kada ka yi saurin mayar da shi. Na Sakinatu ne, kuma zai yi maka shekaru bai warware ba. Da can in ta gama faifai sai mata su riƙa juya shi suna neman inda ta fara da inda ta tsaya, su rasa. Yatsu biyu na hannunta na dama ne suka ƙage, kuma a gidan da ta fi jin daɗi a duniya suka ƙage.

An haife ta a wani ƙauye na ƙasar Miga, a gidan Fulanin da suka daɗe da jingine sanda suka kama fartanya, sai 'yan shanu kaɗan a bayan gida don kada a manta asali. Tana yarinya suka je wanki bakin kogi ita da ƙawayenta. Tana tsugune tana cuɗa zanen Innarta sai ta ji wani ɗaci a harshe kamar ta tsotsi ƙarfe, wani abu ya taso mata daga ciki. Ba ta san sauran ba. Da ta buɗe ido ta gan ta kwance cikin taɓo, ƙawayen nan kuwa sun dunƙule can nesa suna kallonta. Babu wadda ta matso.

Wasu suka ce iskokin ruwa ne, wasu suka ce baki ne. Kawu, yayan Innarta, shi ya kira abin da sunansa: farfaɗiya. A ƙauyen kuwa an yi imani ciwon a yawu yake, wanda ya taɓa yawun mai shi ko ya sha a inda ya sha, shi ma ya ɗauka. Da yamma Inna ta ɗauko moɗa ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta ware kwano guda ta ajiye a gefe, tana yi tana share hawaye da gefen zane. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Amma yarinyar da ke cin tuwo ita kaɗai tana jin ƙannenta suna rigimar nama a kwano ɗaya ba ta san bambancin ba.

Aka hana ta kogi, aka hana ta leƙa rijiya, aka hana ta kusantar murhu. Kawu kullum maganarsa ɗaya, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Abin da ya rage mata zama ne, kuma wanda ke zaune a ƙasa ba shi da nisan faɗuwa. Da haka ta koyi saƙa a wajen wata tsohuwa maƙwabciyarsu, har ta fi mai koya mata.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi wanka da saiwoyi. Daga baya aka kai ta asibiti aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, safe da rana da dare, sai faɗuwar ta yi nisa da juna, wani lokaci damina ta shiga ta fita ba ta faɗi ba. Likita ya faɗa wa Inna ɓaro-ɓaro cewa ciwon ba a ɗaukarsa. Inna ta ce to, ta yi godiya, suka dawo gida, jan zare yana nan inda yake. Likitan ya kuma ce kada Sakinatu ta yi wasa da maganin rana, kada ta yi wasa da barci, azumi kuwa ba nata ba ne. Liman ya ce haka ne, addini ya ɗauke mata, a ciyar. To duk watan azumi, in gari ya yi tsit da yunwa, sai Sakinatu ta ɗauki kwanonta ta zagaya bayan rumbu ta ci kamar ta sato. Da magariba in gida ya kaure da murnar shan ruwa, ita ba ta da ƙishin da za ta kashe. Wannan ya fi jan zaren yi mata ciwo, amma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Safiyanu mai gyaran injin ban-ruwa ne, duk rani yana bin fadama da jakar sifana a kafaɗa. Ya zo gyara injin Kawu, ya ga faifan da aka rufo masa abinci da shi, ya tambayi wa ya saƙa. An faɗa masa komai tun bai gama tambaya ba, don a ƙauye lalurar mutum tana riga sunansa fita. Da ya ce aurenta zai yi danginsa suka yi ca a kansa. Shi ba mai yawan magana ba ne, abin da ya ce kawai, "Injin da nake gyarawa ma yakan tsaya ana tsakar aiki. Ban ga wanda ya jefa nasa a kogi ba." Ya raka ta asibiti ya sa aka koya masa abin da ake yi in ta faɗi. Ranar da ta tare ya ɗauki moɗar nan ya ɗebi ruwa ya shanye a gabanta. Duk da haka ba ta kwance zaren ba.

Suna zaune lafiya, Allah bai kawo haihuwa ba tukuna, sai shekarar babbar ambaliya ta zo. Kogi ya haura gaɓa ya cinye shinkafa ya shiga gari, gidajen ƙasa suka narke kamar gishiri a miya. Suka fita da ƙullin kaya guda da jakar sifana, suka nufi Haɗeja, inda ubangidan da ya koya wa Safiyanu aiki yake da shago.

A birni kuwa ba a ba mutum ɗaki don ya yi sallama. Mai gida zai zaunar da kai ya tambaye ka daga ina, ɗan wa, wa ya san ka, wa zai tsaya maka, a wane gida ka zauna kafin nan, sannan ya aika a bincika. Ba za a ga laifinsu ba, zamani ya lalace, kowa tsoron abin da zai shigo masa gida yake yi. Gidan farko ubangidan ne ya tsaya musu, bai san komai ba balle ya faɗa. Suka yi 'yan watanni, rannan ta faɗi a bakin famfo a gaban matan gida. Nan da nan aka ce mai gida zai yi gyara, su nemi wani wuri. Gida na biyu har ta share ɗaki ta yayyafa ruwa, sai wanda aka aika gidan farko ya dawo. Daga nan labarin ya riƙa riga su isa kowace ƙofa. A yi musu fara'a a ce su dawo jibi, in sun dawo, ɗan'uwan mai gida ya riga ya kama ɗakin. Haɗeja ta cika da 'yan'uwan masu gida a shekarar nan. Ƙarshe suka koma bayan shagon, tsakanin matattun injuna da warin baƙin mai, aka kare musu da buhu. Sakinatu ta daina kwance ƙullin kayanta. Abin da take bukata ta zaro ta gefe, in ta gama ta mayar.

Wani dillali ne da ya gaji da ganinsu ya ce wa Safiyanu, "Je ka bayan kasuwar kifi ka nemi gidan Iya Zulai mai banda. Ita ba ta tambaya. Ko aljani ne ya yi sallama za ta miƙa masa mabuɗi."

Iya Zulai doguwar tsohuwa ce, hayaƙi ya rina mata ido ja, in ta kira mutum a tsakar gida daga bakin titi ake amsawa. Mijinta marigayi Modu, wanda mutanensu suka zo daga wajen Tafkin Cadi, shi ya bar mata gidan da sana'ar. Takan ce ranar da surukinta ya sauka a garin nan da taru a kafaɗa, wanda ya ba shi rumfa bai tambayi sunan ubansa ba, to ita wace ce da za ta tambayi na wani. In an matsa mata sai ta ce, "Wanda zai tsaya maka ai abokinka ne. Me kuke so abokin mutum ya ce?" Mai unguwa ya yi aike kan ta riƙa bincikar baƙi har ya gaji. Ba wai abin bai taɓa cin ta ba, an yi wani mai tsayin gemu da ya kwana biyu a gidan ya ɓace da ragon layyarta. Da aka zo jaje ana cewa kin gani ko, sai ta ce ragon ma ai ba ta tambaye shi asalinsa ba da ta saye shi.

Suka same ta a tsakar gida tana jera tarwaɗa a kan raga, hayaƙin murhun banda ya turnuƙe.

"Wushe, wushe," ta ce, irin gaisuwar mutanen mijinta. "Ɗaki kuke nema? Ga ciki da falo can da banɗakinsa, na ciki ya tashi."

Safiyanu ya durƙusa. "Iya, mu daga ƙasar Miga muke, ruwa ne ya..."

"Na tambaye ka?"

"A'a, Iya. Amma akwai abin da ya kamata ki sani."

"Abin da ya kamata in sani Allah zai nuna mini. Kai dai ka riƙe salla, kuma kada ka daki matarka a gidana. Ungo mabuɗi."

Ya juya ya dubi Sakinatu. Ta kafe shi da ido irin na mai roƙo, ta girgiza kai kaɗan yadda shi kaɗai zai gani. Ya haɗiye maganar. Da ya buɗe ɗakin ya juyo sai ya ga ƙofarsu murhun banda take kallo. Ya daɗe yana duban wutar nan.

Washegari Bashira, matar ɗakin da ke kusa, wadda mijinta Abdulganiyyu direba ne, ta faɗo musu da goyo a baya da kwanon ɗanwake a hannu. "Baƙuwa, sauko mu ci, ni abinci ba ya shigar mini ni kaɗai." Ta ajiye kwano ta sa hannu ta ci gaba da zuba surutu. Sakinatu ta zauna hannu a kan cinya. Rabon da ta haɗa hannu da wata mace a kwano tun ranar wankin nan. "Ke, ko sai an ba ki a baki?" in ji Bashira. Ta sa hannu. Tana ci hawaye na zuba, ta ce yaji ne ya yi yawa. Bashira ta ce ita ko yajin kirki ba ta sa ba, amma dama Fulani ragwaye ne.

A ranar ta tura moɗa mai jan zare can ƙarƙashin gado. Ba a daɗe ba ta kwance ƙullin kaya, ta ari guduma ta kafa ƙusoshi, ta jera fayafanta a bango, ja da kore da ruwan ɗorawa, har matan gida suna shigowa kallo. Wuta dai ta ci gaba da kauce mata. Girki sai Safiyanu yana zaune kusa take yi, da sassafe ko bayan ya dawo. In an ce ta zo ta taya suya sai ta ce hayaƙi yana tayar mata da ciwon ido. Matan suka sa mata suna 'yar gata, ta karɓa hannu biyu, don a rayuwarta ba a taɓa yi mata tsiya irin ta ƙawaye ba.

Azumi ya kama cikin bazara, zafin Haɗeja kuwa ba sai an ba da labarinsa ba. A gidan Iya Zulai matan gida duka a tabarma ɗaya suke shan ruwa, kowacce ta kawo abin da Allah ya hore, kunun tsamiya, ƙosai, dabino, Iya kuma ta dire tukunyar farfesun kifi a tsakiya. Da aka ce an ga wata, Sakinatu ta ce wa mijinta za ta ɗauki azumi.

"Sakina, likita ya hana. Ki tura ƙofa ki sha maganinki, wa zai sani?"

"Ni zan sani, Malam. In zauna a tabarmar nan ina kukan ƙishi alhali na sha ruwa da rana? Ba zan iya yi musu wannan ƙaryar ba."

"To mu faɗa musu gaskiya."

"Mu koma bayan shago ke nan." Sannan ta ce, "Tun ina yarinya nake jin mutane suna cewa alhamdu lillahi in an kira magariba, da wata irin murya. Ina so in san me suke ji. Ka bar ni ko sau ɗaya in yi irin na mutane."

Bai iya ce mata a'a ba. Laifinsa ke nan, in laifi ne. Ta ɗauki maganin rana ta haɗa shi da na dare.

Ba ta taɓa jin daɗi irin na kwanakin nan ba. Leɓe ya bushe, kai ya yi nauyi, ta baje a siminti ita da Bashira suna mitar rana ta ƙi faɗuwa, zuciyarta kuwa fari ƙal. Ranar farko da ladan ya kira magariba ta kai kofin kunu baki ta ji ya sauka har tafin ƙafa. Ta ce alhamdu lillahi, sai ta ji muryar nan da ta daɗe tana nema daga bakinta ta fito.

Amma jiki ba ya jin rarrashi. Ga tashin sahur, ga zafin da ba ya barin ido ya rufu, ga fayafan da masu biki bayan salla suka ba ta saƙa. Azumi ya wuce rabi. Rannan da la'asar, Safiyanu yana fadama, Iya Zulai ta ƙwala kira daga bakin murhu.

"'Yar gata! Zo ki juya mini kifin nan in yi alwala, kada ya ƙone."

Da a watan baya ne, da nan take ciwon ido ya tashi. Amma yau mai azumi ce cikin masu azumi, ta kwana biyu ba ta tuna ita mai lalura ba ce. Wallahi mantawa ta yi. Ta ajiye saƙa ta je ta tsuguna gaban murhu ta fara juya tarwaɗa. Sai ta ji ɗacin ƙarfen nan a harshenta. Ta san shi. Ta yunƙura za ta ja da baya, ƙafa ta ƙi.

Ta farka a cikin adaidaita sahu, kanta a kan cinya mai warin hayaƙi da ƙarni, bakinta cike da jini, hannunta na dama kamar har yanzu yana cikin wuta. Sauran labarin a gadon asibiti Safiyanu ya ba ta, yana kallon ƙasa. Ta faɗi ta gefe, hannunta ya shige bakin murhu cikin garwashi. Matan gida suka sa ihu. Bashira ce ta fara gane abin, ta kwashi 'ya'yanta ta yi ɗaki tana cewa farfaɗiya ce, kada kowa ya taɓa yawun. Iya Zulai ita kaɗai ta taho, da ruwan alwala a hannu, ta ja ta da ƙafa ta fitar da ita daga wutar. Daga nan ta yi duk abin da ta taɓa ji ana yi. Ta kwantar da ita rigingine ta danne, ta cusa mata cokali har haƙori ya karye, ta sheƙa mata ruwa a fuska. Jini da ruwa suka koma maƙogwaro. A asibiti nas ta tambayi wa ya yi wannan aiki, Iya ta ce ita ce. Nas ta ce, "Iya, wuta hannu ta ci. Ke kuwa saura kaɗan ki kashe ta." Iya Zulai ta juya ta fita, kuma ba ta sake komawa asibitin ba.

Sakinatu a kwance ta yi salla, tana jiyo kabbarar masu tafiya idi ta taga. Daga gidan babu wanda ya leƙo. Safiyanu ya so ya ɓoye mata, ta matsa, ya faɗa. 'Yan haya sun taru sun sami Iya, Abdulganiyyu ne ya yi magana. Ya ce suna da ƙananan yara, ko su ko mai faɗuwa. Ya ce da ta yi bincike kamar kowane mai gida da ba a kai ga haka ba.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ni ma in na gaishe ta kai kawai take ɗagawa."

Sakinatu ta san irin wannan shirun, ta sha gamuwa da shi a ƙofofi da yawa. Ta yi kuka ran nan, ba don hannun ba, tabarmar shan ruwa ta tuna. Ta ce masa ya je ya roƙi ubangidansa a sake share musu bayan shago, gara su tashi da kansu kafin a ce za a yi gyara.

Ranar da aka sallame ta da hantsi suka shiga gidan. Tsakar gida ta watse, ƙofar Bashira ta rufu a hankali. Inda murhun banda yake kuwa babu komai sai baƙin tabo a ƙasa, an rushe shi an kwashe har toka. Sakinatu ta tsaya tana kallo, ta ce a ranta, ko wurin da na faɗi ba su iya zama da shi ba. Safiyanu ya kai ta ɗaki ya fita neman adaidaitar da za ta kwashe kaya.

Ta shimfiɗa zanen ƙulli a tsakar falo. Ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo moɗa mai jan zare, ta bushe ƙurar ta ajiye a kan zanen. Sannan ta fara sauke fayafai daga bango da hannun hagu, ɗaya bayan ɗaya.

Sai ganin inuwa ta yi ta toshe ƙofa. Iya Zulai ta yi sallama a ciki-ciki, ta shigo ta zauna a ƙasa. Ta rame. Ta dubi hannun da ke naɗe, ta kawar da kai.

"Kin cuce ni, 'yar nan."

"Ki yafe mini, Iya. Yau za mu tashi."

"Kin bar ni na kira ki bakin wuta da bakina. Kin bar ni na danne ki ina cusa miki ƙarfe, ni a zatona ceto nake yi."

"Mijina ya so ya faɗa miki ranar da muka zo. Ni na hana shi."

"Ni na fara hana shi. Shi ya sa ƙafata ta kasa komawa asibiti, da wane ido zan dube ki?" Ta goge fuska da tafin hannu. "Tun da Modu ya bar mini gidan nan ban taɓa yi wa ɗan haya tambaya ba, har taƙama nake yi da abin. Yau zan yi miki."

Sakinatu ta sunkuyar da kai. Ta san tambayoyin duka: tun yaushe, a ina kika samo, a danginku akwai, me ya sa kika ɓoye.

"In abin ya zo miki," in ji Iya Zulai, "ta wane gefe ake kwantar da ke?"

Sakinatu ta ɗago. "Iya, ai su Bashira sun ce ko su ko..."

"Su Bashira sun sami ɗaki a unguwar Matsaro, wata na ƙarewa za su tashi. Na gaya musu yawunki ya wanke mini hannu har gwiwa, ga ni tsaye, ba su ji ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Murhu kuma na mayar da shi bayan katanga, tafiyar ma za ta yi wa ƙafata amfani. Ke dai ba ni amsa. Mijinki kullum yana fadama, ni ce a gida."

Maganar Bashira ta soki Sakinatu, don ta san ba za a sake faɗo mata da kwanon ɗanwake ba. Haka kuwa aka yi, har suka tashi ba su haɗa ido ba. Amma ga tsohuwa zaune tana jira. Sai Sakinatu ta ture moɗar gefe ta kwanta a kan zanen da ta shimfiɗa don ƙulla kaya.

"Ta gefe, Iya," ta ce da ƙyar. "Ki sa abu mai laushi a ƙarƙashin kaina. Kada ki danne ni, kada ki sa mini komai a baki. Ki kawar da abin da zai ji mini ciwo, ki jira. Zai wuce da kansa."

"Shi ke nan? In zauna ina kallo?"

"Ki zauna kawai. In na farka in ga mutum."

Iya Zulai ta cire mayafinta ta ninke ta tura ƙarƙashin kan Sakinatu. Ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta kama kafaɗa da ƙugu ta juya ta, tana kaffa-kaffa da hannun mai ciwo.

"Haka?"

"Ki ɗan ɗaga haɓata."

"Koma rigingine mu sake. Ban iya ba tukuna."

Suna cikin maimaitawa aka ji adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Safiyanu ya ɗaga labule ya ga matarsa kwance a ƙasa, ya zabura, ya zaci abin ne ya dawo. Sai ya ga idonta biyu, hawaye na gangarawa ta gefe guda cikin mayafin tsohuwa.

Iya Zulai ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Kai, je ka sallami mai keken nan," ta ce. "Ka dawo ka nuna mini inda kake sa hannunka."